Darasin Lambun Gida: Tsallakar Da Ɗoɗɗoyar Tukunya Daga Kaka Zuwa Damina

'Yan'uwa, duk wanda ya zaga gidajenmu a Yasore da ƙauyukan da ke kewaye da ita a watan Satumba zai ga kore ko'ina. Kabewa ta hau rufin ɗaki, yakuwa ta cika bayan gida, a gefen madafa kuma akwai wata tsohuwar jarka ko fasasshiyar tukunya da uwar gida ta dasa ɗoɗɗoya ko na'a-na'a a ciki. Ka koma wannan gida a watan Afrilu. Jarkar tana nan, amma busasshen kara ne a cikinta, kaji sun tone ƙasar. In ka tambaya, amsar ɗaya ce: "Ai ɗari ne ya kashe ta." Da damina ta faɗi sai a sake bin maƙwabta ana roƙon iri.

Darasinmu na wannan fitowa a kan wannan jarka yake. Za mu duba abin da ke kashe shukar da ke cikin mazubi tsakanin ɗaukewar ruwa da dawowarsa, wato sama da wata 7, daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Ɗari yana da nasa laifi, amma kaɗan ne. Yawancin shuke-shuken nan suna fita hunturu da ransu, a bazara suke mutuwa. Waɗanda suka mutu a hunturu kuwa, sau da yawa yawan ruwan da muka ba su ne ajalinsu. In za a karanta darasin a taron zumuntar mata ko na matasa, a kawo tukunya ɗaya mai shuka a ajiye a tsakiya, domin kowa ya taɓa ya gani.

Ina amfanin ɗan ganye?

Wani zai ce, mutanen da ke neman abin sawa a baki, ina su ina zancen ɗoɗɗoya? Tambayar tana kan hanya. Amma mu tuna yadda miyarmu take daga Maris zuwa Yuni: kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi. Ɗanyen ganye sai mai kuɗin zuwa kasuwa ko mai lambu a bakin rafi. A shekarun da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a ƙasar Batsari da Safana, musamman 2019 da 2020, iyalai da yawa a ƙauyukan da ke kusa da dajin Rugu sun bar lambunansu na nesa, waɗansu ma gidajensu suka bari suka koma cikin gari. Abin da mace ta shuka a tsakar gidanta, ba sai ta yi kasada da ranta kafin ta tsinka ba. Abin da ke cikin jarka kuma, in tashi ya kama, ana ɗora shi a amalanke tare da tabarmi da tukwane. Gona ba ta ɗaukuwa.

Akwai riba ta biyu. Hannun da ya iya raya ɗoɗɗoya a bokiti har ruwa ya sauka, shi ne zai iya raya barkono da dashen gwaiba da mangwaro da lemo a cikin leda, waɗannan kuwa kuɗi ne.

Kada dai mu ɗora mata abin da ba ta iyawa. Tana gyara miya da farfesu, ana dafa shayinta, iyayenmu sukan ba mai kumburin ciki ko mura. Ƙanshinta yana ɗan korar sauro, amma kada kowa ya naɗe gidan saurons don yana da ita a ƙofar ɗaki. Yaro mai zazzaɓi a kai shi asibiti a gwada jininsa. Mai gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari a kan hanya.

Tana da dangi har ƙasar Turawa

Ku ɗauki ɗanyen karan ɗoɗɗoya ku murza tsakanin yatsu. Za ku ji kusurwa huɗu gare shi. Ganyayen kuma biyu-biyu suke fitowa, ɗaya daura da ɗaya. Haka na'a-na'a take, haka tumuku, haka rizga. Masana tsirrai sun sa su duka a gida ɗaya. A wannan gida akwai wani babban reshe da ake kira salbiya, mai iri wajen 1,000 a duniya. Da yawa daga cikin masu kyan fure, ja da shuɗi, asalinsu Meziko ne da Kudancin Amurka, mutanen Ingila kuwa suna son dasa su a tukwane a ƙofar gida. Matsalarsu ita ce a Disamba da Janairu ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da sifiri, ruwa ya daskare, dare ɗaya ya ishi irin wannan shuka ta mutu.

Ga yadda masu lambun can suke yi. Tun sanyi bai zo ba suna yankar ƙananan rassa su dasa daban, domin ko uwar ta mutu akwai 'ya'ya. Suna rage mata rassa. Suna ɗauke tukunyar zuwa ɗakin gilashi ko wani wuri mai haske da sanyi ba ya kaiwa. Suna daina sa taki, su rage ruwa har ƙasar ta kusa bushewa. Ba girma suke nema mata a lokacin ba, ta dai kwana da rai har ɗumi ya dawo.

A wurinmu ruwa ba ya daskarewa. Da asubahin Disamba da Janairu ma'auni yakan sauka wajen digiri 12 zuwa 14, wani lokaci ya kusa 10. A irin wannan sanyi ɗoɗɗoya takan daina girma, ganyenta ya yi baƙin tabo, amma ba ta cika mutuwa ba. Dabarun nan nasu duka suna yi mana aiki. Inda muka sha bamban shi ne, su lokacin wuyarsu ɗaya ne, mu namu biyu ne, hunturu da bazara, kuma halinsu ba ɗaya ba. Wurin da ya ceci shuka a Janairu shi ne zai gasa ta a Afrilu. Wannan shi ne abin da nake so kowa ya riƙe daga darasin.

Wace iri ce a tukunyarku?

Kafin ku kashe ruwa, ku san abin da kuke da shi. Akwai ƙaramar ɗoɗɗoya mai ƙananan ganye wadda ke fitowa da kanta a bola da gefen gona da damina. Ita shekara ɗaya take yi. Da ta yi fure ta zuba iri, ta gama aikinta. Tsinke furen yana ƙara mata makonni, amma ba zai kai ta damina ba. Irinta za ku ajiye, ku bar ta ta tafi. Akwai kuma babbar, mai faɗin ganye, wadda gindinta ke zama itace, ta kai ƙugun mutum ko ta wuce. Waɗansu suna ce mata ɗoɗɗoya ta gida, Yarbawa suna kiranta efirin, Ibo kuma nchanwu. Wannan tana shekaru, ita ce ta cancanci wahalarku. Na'a-na'a kuma ranta a ƙarƙashin ƙasa yake. Ko samanta ya bushe takan sake tofo in saiwar ba ta bushe ba. Ta fi ɗoɗɗoya shan ruwa, tana kuma cinye wuri, saboda haka a ba ta mazubinta ita kaɗai.

Mazubin kansa

Shukar da ke cikin ƙasa tana tura saiwa zurfi ta sami sanyi da danshi. Ta cikin tukunya ba ta da inda za ta gudu, iska da rana sun kewaye ta ta kowane gefe. Saboda haka girman mazubi shi ne abu na farko. Gwangwanin madara ko na tumatir ba zai kai shuka Afrilu ba. A nemi bokitin fenti na lita 20, ko jarka da aka yanke samanta, ko tsohuwar randa. Tukunyar ƙasa ta fi sanyi domin tana gumi, sai dai ruwa yana saurin ƙarewa a cikinta. Roba tana riƙe ruwa, amma baƙar roba da ƙarfe suna ɗaukar zafi. Ku taɓa jikin baƙar jarka da ƙarfe biyu na rana a bazara, ku tuna cewa ƙananan saiwoyin da ke shan ruwa a jikin wannan roba suke kwance.

Jarkar da aka taɓa zuba fetur ko gas, da galan ɗin maganin ciyawa ko na feshin wake, kada a dasa abin ci a ciki ko an wanke sau goma. Galan-galan ɗin nan sun yi yawa a gidajenmu yanzu, yara ma suna ɗebo ruwa da su, abin da ya kamata mu hana.

Dole a huda gindin mazubi, huji 4 ko 5, da ƙusa mai zafi. Ni da kaina na taɓa ƙin huda bokiti, wai don kada ruwa ya zube a banza. A tsakiyar Janairu shukar ta yi yaushi, na ƙara ruwa, ta ƙara yaushi. Da na zazzage ta, saiwar ta yi baƙi tana wari kamar kwata. Saiwa tana numfashi, in ruwa ya kwanta sai ta shaƙe ta ruɓe. A ɗora tsingaro ɗaya a kan kowane huji domin kada ƙasa ta toshe shi. Jera tsakuwa a gindi ba ya taimakawa, wurin saiwa kawai yake ragewa.

Aikin Oktoba

Wannan aiki yana faɗowa daidai lokacin girbi, shi ya sa ake mantawa da shi. A ba yara, ba ya ɗaukar rabin awa.

Tun daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, kafin iska ta bushe, a yanki rassa uku ko huɗu marasa fure, kowanne kamar tsawon biro. A yanka a ƙarƙashin gaɓa, a cire ganyen ƙasa, a bar huɗu a sama. A tsoma su a kwalba mai ruwa, a ajiye a inuwa mai haske. A riƙa canza ruwan duk bayan kwana 2, domin kada ya yi wari, kada kuma sauro ya yi ƙwai a ciki. Cikin mako ɗaya zuwa biyu fararen saiwoyi za su fito. In sun kai tsawon gaɓar yatsa, a dasa kowanne a ledar fiya wata da aka huhhuda. Ɗaya daga cikinsu a kai gidan wata 'yar'uwa a wata unguwa. In akuya ta shiga gidanku, ba za ta shiga nata a rana ɗaya ba.

Iri kuma, a bar kai biyu ko uku su bushe a jikin uwar har su yi ruwan ƙasa. A murje su a kwano, a sheƙe, a shanya a inuwa, a zuba a kwalba mai murfi da ɗan toka, a rubuta shekarar a jiki.

Daga nan sai a rage uwar. A yanke kashi ɗaya cikin uku na tsawon rassanta, in ta yi girma ƙwarai har rabi. Kowane reshe a bar masa gaɓa mai ganye, kada a sare har cikin tsohon itacen da ba ganye. Na san hannu yana nauyi a yanke shuka mai kyau tana kore shar. Amma kowane ganye ƙofa ce da ruwa ke fita, saiwar da ke cikin bokiti kuma ba za ta iya shayar da ganyen damina a rani ba. In ba ku rage ba, ita za ta zubar, bayan ta galabaita. Ganyen da aka yanke a shanya a inuwa a adana, miyar Maris ce. A zuba cikin hannu biyu na ruɓaɓɓen takin dabbobi a sama sau ɗaya, shi ke nan. Takin zamani, musamman yuriya, a ɓoye shi sai damina, domin yana fito da laushin tofo wanda iska ke ƙonewa, ƙwari kuma su taru a kai.

Hunturu

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, busasshiya ƙwarai. Abin da take yi wa leɓunanmu da dugaduganmu shi take yi wa ganye. A wannan lokaci kuma rana takan karkata kudu. Saboda haka wuri mafi kyau shi ne jikin bango ko ɗaki ta gefen kudu: ɗakin ya tare iska, rana ta samu shukar, bangon ya sha zafi da rana ya riƙa sakinsa da dare. In ba irin wannan wuri, a kafa guntun zana ta inda iskar ke fitowa. A tara tukwanen wuri ɗaya su jingina da juna. A daren da ɗari ya yi tsanani a yafa musu tsohon buhu ko zane, a cire da hantsi. Leda ba ta da kyau, tana tara gumi, in an manta da ita kuma rana ta fito sai ta dafa ganyen.

Ban-ruwa shi ne inda aka fi kuskure. Shukar tana hutawa, ba ta shan ruwa kamar da. Kada ku bi ranaku, ku bi yatsa. A tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu. In da danshi, a bari sai gobe. In ya fito a bushe, a zuba kamar lita 1 a hankali, har ɗan ruwa ya ɗigo ta ƙasa. A bokiti na lita 20 wannan yakan kama duk bayan kwana 2 ko 3. A ba da ruwan da hantsi, ba da yamma ba, domin kada saiwa ta kwana cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa mai sanyi. In kun ga ganye ya sunkuya da tsakar rana, kada ku ruga da buta. Ku fara taɓa ƙasar. Shukar da ta sunkuya da rana ta miƙe da magariba, iska ce ta dame ta. Wadda ta kwana a sunkuye alhali ƙasarta a jiƙe take, saiwarta ta fara ruɓewa, ruwa za a tsayar.

Ƙurar hazo tana toshe ganye. Sau ɗaya a mako a yayyafa ruwa a wanke shi, sama da ƙasa. Wannan wanki kuma shi ne maganin wani ɗan mitsitsin ƙwaro ja da ke son bushewa da ƙura. Da ƙyar ake ganinsa, amma alamarsa ita ce ganye ya yi ɗigo-ɗigo fari-fari, a bayansa kuma a ga siririyar yana kamar ta gizo-gizo. In shi ko darɓa sun yi yawa, a daka 'ya'yan bedi, wato dogon yaro ko darbejiya, kamar giram 50, a jiƙa a lita 1 na ruwa ya kwana, a tace, a yayyafa da yamma har bayan ganye. A jira 'yan kwanaki kafin a tsinka, a kuma wanke sosai, in ba haka ba miya za ta yi ɗaci. Maganin feshin gona kuwa kada ya kusanci ganyen da za a jefa a tukunya gobe.

Bari in ƙara wata magana, ko da za a yi dariya. A ganina farfesun Kirsimeti ya kashe ɗoɗɗoya fiye da ɗari. Baƙi sun zo, an yanka kaza, maƙwabta sun aiko yara roƙo, kafin sabuwar shekara shukar ta zama tsirara a daidai lokacin da ba ta iya fitar da sabon ganye. A tsinki kaɗan daga kan rassa, kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu, sauran a cika da busasshen da aka adana a Oktoba.

Bazara

Nan ne gwajin yake. Daga ƙarshen Fabrairu iska takan lafa, zafi ya fara hawa, a Afrilu da farkon Mayu ma'auni yana wuce digiri 40. Bangon kudun nan da ya yi mana amfani ya zama tanda. Ranar da kuka lura kun daina neman bargo da asuba, ranar ce ta tashin tukwane.

Ina za a kai su? A ƙarshen Afrilu rana tana bi ta tsakar kanmu sosai, bango ba ya ba da inuwa da azahar ta kudu ko ta arewa. Inuwa daga sama ake bukata: ƙarƙashin rumfa, ko gindin bedi, ko gabashin ɗaki inda rana za ta same su daga fitowarta zuwa wajen ƙarfe 10 ko 11, ɗakin ya tare ta yamma. Kada kuma a kai su cikin ɗaki mai duhu, nan ma za su yi fari su zube.

Bayan inuwa, a sanyaya mazubin kansa. Hanya mafi sauƙi ita ce a naɗe shi da buhun algarara ko tsumma ko guntun tabarma, domin kada rana ta taɓa jikinsa. Wadda ta fi ta kyau, a saka shi cikin wani mazubi da ya fi shi girma, a cika tsakaninsu da yashi, a riƙa jiƙa yashin. Wannan ita ce dabarar da Mohammed Bah Abba, wani malami a Dutse ta Jihar Jigawa, ya yaɗa a ƙauyuka domin adana tumatir da gauta da ganye ba tare da lantarki ba, tukunya cikin tukunya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ruwan da ke tashi daga yashin yana tafiya da zafi, cikin ya yi sanyi. Tukunyar waje ta zama ta ƙasa, domin ita ce ke gumi. Wanda ba shi da tukunya biyu ya haƙa rami a inuwa ya binne mazubin har wuya. Sai dai a barbaɗa toka a ramin, a kuma riƙa ɗaga shi ana dubawa, saboda gara.

Saman ƙasar kuma a rufe shi da ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa ko busasshen ganyen bedi, kaurin yatsa biyu, amma kada ya manne da karan shukar.

Yanzu ruwa kullum ne, da sassafe, lita 1 zuwa 2. A ranakun da zafi ya kai maƙura a ƙara kaɗan da yamma. Akwai wani tarko a nan da ya kashe shuka da yawa a hannun mutanen da suke ba da ruwa kullum. In ƙasar ta taɓa bushewa ƙayau, takan tsuke ta rabu da jikin mazubi. Ka zuba ruwa, ya bi ta gefe ya fita ta ƙasa nan take, ka ce ta ƙoshi, alhali tsakiyar a bushe take kamar gari. In kun ga ruwa yana fita da sauri haka, ku tsoma mazubin a daro mai ruwa na rabin awa, ko ku danna ƙasar gefen da yatsa ku riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. In tafiya ta kama, biki ko makoki na kwana 2 ko 3, a huda murfin robar lemo da allura, a cika ta da ruwa, a kifa ta cikin ƙasar. A gwada tun kafin ranar tafiya, domin wani hujin yakan toshe, wani kuma ya zubar da ruwan cikin awa ɗaya.

Mata da 'yan mata ne ke ɗauko ruwan nan a ka, saboda haka ya kamata mu yi lissafi a fili. In an ba da lita 1 duk kwana 2 daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lita 60 ke nan. In an ba da lita ɗaya da rabi kullum daga Maris zuwa Mayu, wajen lita 135. Duka kusan lita 200, wato jarka 8 masu lita 25, a cikin wata 7. Yawancinsa kuma ba sai an ɗebo sabo ba. Ruwan wankin shinkafa da wake da ganye, ruwan ɗaurayar kwanuka na ƙarshe, ragowar ruwan randa da za a zubar, duk suna yi. Wanda ba ya yi shi ne mai omo, mai bilic, mai gishiri ko kanwa, da mai maiƙo. In kuka ga wani farin ɓawo yana taruwa a saman ƙasa ko a bakin tukunya, gishirin ruwa ne, ya fi faruwa da ruwan waɗansu rijiyoyin burtsatse. A kankare shi, sau ɗaya a wata kuma a zuba ruwa mai yawa ya ratsa ya fita da sauran. Amma in gida yana cikin ƙarancin ruwan sha, kada a yi gardama: a zaɓi tukunya ɗaya mafi ƙarfi a raya, sauran a dogara ga irin da ke cikin kwalba.

Dabbobi kuma. Da damina akuya ba ta cika kula ɗoɗɗoya ba saboda ƙanshinta, amma a Afrilu ba ta zaɓe. Kaji suna son danshin ƙasar, su tone su kwanta a ciki. A kewaye da ƙaya ko tsohon gidan sauro, ko a ɗora mazubin a kan turmin da ya fashe.

In duk da haka ganyen ya zube, kada ku yi saurin juye ƙasar. A kankari ɓawon karan kusa da gindi da farce. In cikin kore ne, tana da rai. A yanke busassun rassa, a ci gaba da ba ta ruwa kaɗan, domin shuka mara ganye ba ta shan da yawa.

In hadari ya fara haɗuwa

Ruwan farko a ƙasarmu yakan zo da guguwa daga gabas, ita ce ke kifar da tukwanen da ke gabashin ɗaki da waɗanda aka ɗora a sama. A sauke su ƙasa, a tokare da duwatsu. Kada kuma a daina ban-ruwa don an yi ruwa sau ɗaya. Manoma sun san yadda yakan sauka a Mayu ya ɗauke mako biyu ko uku. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ana jin sa a rediyo, malaman gona na KTARDA ma sukan san ranar da ake sa ran ruwa zai zauna a ƙaramar hukumarmu.

Sai ruwa ya zauna za a sake mata ƙasa. A kwantar da mazubin a zaro shukar da ƙasarta. Za ku ga saiwoyi sun nannaɗe kamar gammo. A yanke kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasan da wuƙa mai kaifi, a warware na gefe da yatsa. A haɗa sabuwar ƙasa: kashi biyu ƙasar gona ta sama, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki. Ƙasarmu jigawa ce, ba ta bukatar ƙarin yashi sai in laka aka ɗebo daga fadama. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, sai wanda ya shekara. A mayar da ita, a ba ta ruwa, ta yi mako ɗaya a inuwa kafin a fito da ita rana. Daga cikin 'ya'yan Oktoba, ɗaya a dasa a ƙasa kusa da inda ruwan wanka ke bi, ɗaya a ba shi babban mazubi, domin uwar da ta shekara uku a bokiti takan zama itace, ganyenta ya ragu, lokacin ya yi da 'yarta za ta gaje ta.

Kafin a tashi daga taron, a tattauna waɗannan. A gidajenmu, a wane wata ne shukar tukunya ta fi mutuwa, kuma a ina take ajiye a lokacin? Wane ruwa ne muke zubarwa kullum wanda zai iya zuwa gindin shuka? A cikinmu wa ke da babbar ɗoɗɗoya mai shekaru, da za ta ba da rassa a Oktoba mai zuwa, kuma gidaje nawa ne na waɗanda suka dawo ko suka yi ƙaura zuwa cikinmu da ba su da ko ɗaya? A rubuta sunayen gidajen, a sa mutum biyu su riƙe takardar har kaka.